Bakhtawara da Rabin Waƙar Gulmir Khel

Bakhtawara baƙar magana gare ta, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ranar da na fara ganinta, a ɗakin jiran likita a Old Trafford, ta dubi ɗaurin ɗankwalina sama da ƙasa, ta ce da ni cikin Turancinta mai tsakuwa, "Wannan abin da ke kanki, shi ma likita zai gani, ko rakiya ya yo?" Ban san ta ba, ba ta san ni ba. Na ce rakiya ya yo, kamar yadda hancinta ya rako ta, har ya riga ta shigowa. Ta yi dariya har da tari, ta ɗauke jakarta daga kan kujera ta ce in zauna. Daga nan muka ƙulla, yau shekara goma sha wani abu.

'Yar ƙabilar Pashtun ce, mutanen duwatsun nan da ke tsakanin Pakistan da Afganistan. Amma in ka ce mata 'yar Pashtun ka tsaya nan, sai ta harare ka, don su ma kamar Fulani suke, gida-gida ne. Nata gidan Gulmir Khel ake ce masa, wato zuriyar Gulmir. Ƙaramar zuriya ce, ko a ƙasarsu ba kowa ya san da ita ba, amma in ka ji yadda take faɗin sunan sai ka ɗauka su suka kafa duwatsun.

Tana amarya aka kawo ta Manchester wajen mijinta Mirzaman, wanda ke aiki a masaƙa. Ita kuma ta shiga wani kamfanin ɗinki a Ardwick, ta yi shekaru tana ɗinka wuyan riga, wuyan riga kawai, har kamfanin ya rufe. Mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta riƙe su da keken ɗinki a ɗakin girkinta. Babbansu Sangin yanzu yana da shagon kafet da darduma, a gidansa take zaune, ba nisa da gidan ɗana Maharazu inda nake tun da na baro Zariya.

Mutanensu suna da wata irin waƙa da ake kira tappa. Layi biyu ce kacal, na farko gajere, na biyu dogo, kuma yawanci mata ke yin ta, a bakin rijiya ko wurin niƙa ko gidan biki. Wasu don soyayya suke yi, wasu don kewar gida. Bakhtawara zambo take yi da ita. Ta yi wa limamin unguwa saboda tsawon huɗubarsa, ta yi wa matar Sangin saboda shinkafar da ta caɓe, ta yi wa ma'aikacin kansul da ya zo duba kwandon shara, shi bai ma san an yi da shi ba, godiya ya yi ya tafi. Abin da ta jefa kuwa sai ya manne wa mutum kamar ƙarangiya. Na taɓa tambayarta ko ba ta tsoron Allah. Ta ce tana tsoro, shi ya sa ba ta taɓa sa ƙarya a ciki ba.

Jikana Ja'afar, mai haɗa magunguna a Salford, ya haɗu da jikarta Wagma 'yar Sangin a jami'a, suka daidaita. An kai ruwa rana kafin iyayen yarinyar su yarda, don ba su saba ba da 'ya a waje ba, balle ga baƙar fata. Bakhtawara ce ta kashe maganar. Ta ce yaron yana cire takalmi kafin ya taka kafet, abin da rabin 'ya'yan danginta ba sa yi, kuma kakarsa ce kaɗai mace a Manchester da ta taɓa rama mata magana.

Bayan an sa rana, muna zaune a ɗakinta muna shan koren shayinsu, na yi mata tambayar da kowace kaka za ta yi.

"To yanzu da za mu haɗa jini, ku su wane ne? Mu dai marina ne, an san karofinmu a Zariya tun kaka da kakanni. Dangina za su zo daga gida, za su tambaye ni 'yar gidan wa muka ɗauko. In ce musu 'yar mai kafet?"

Ta ajiye kofi, ta kira sunana. "Ke Raki, lokacin da kakanninki ke tsoma hannu a baba, nawa waƙa suke yi a bakin kogi."

Ga yadda ta ba ni labarin, ni dai ban je na gani ba. Gulmir makiyayi ne a can saman duwatsu. Fari ya kore shi da iyalinsa da tumakinsa, suka gangaro neman ciyawa, ya rasu a hanya aka binne shi a gindin wata bishiya. 'Ya'yansa maza biyu suka ci gaba da jan ayarin har suka iso wani kogi. Babban ya haye da mutanensa da yamma. Ƙaramin ya ce shi sai da safe, don matarsa na naƙuda. Kafin gari ya waye ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, kogin ya cika ya tumbatsa, ya raba su wata da watanni. Maza suka yi ta ƙwala wa juna kira, ƙarar ruwa tana shanye muryarsu. Muryar mata ce kaɗai ke tsallakawa, saboda siririya ce. Don haka kullum da la'asar sai matan da suka haye su tsaya a gaɓa su jefa layin farko, matan da aka bari a baya su mayar da na biyu. Da haka aka san wadda ta haihu, da wanda ya mutu, da abin da kyarkeci ya ɗauka a garke.

Da ruwa ya janye mutanen suka haɗu, amma aka bar waƙar a rabe. Har yau 'yan matan gidan babban, waɗanda ake kira Masu Hayewa, layin farko kawai goggonninsu ke koya musu. Na gidan ƙaramin, Masu Jira, layi na biyu. Kowane zamani ya ƙara nasa baitocin, na yaƙi, na annoba, na rijiyar da aka haƙa, har da zuwansu Ingila. Ranar auren 'yar zuriya sai a shimfiɗa dogon shuɗin zane a ƙasa ya zama kogi, mata su tsaya gefe da gefe, a rera tun daga kabarin Gulmir har a iso kan sunan amarya. Ba su da wani tarihi da ya wuce wannan.

"To madalla," na ce. "Sai ku yi mana ranar biki, dangina su ji da kunnensu."

Ta ce ba zai yiwu ba. Sai da na matsa sannan ta faɗa min dalili.

Da mutanen Gulmir Khel suka fara zuwa Ingila, kowa ɗan gidansu ya jawo, sai Masu Hayewa suka taru a Manchester, Masu Jira kuma a Birmingham. Bakhtawara ce babbar na Manchester. Babbar na Birmingham wata ce Gulsanga, sa'arta, rijiya ɗaya suka ɗebi ruwa suna yara. Mijin Gulsanga, Dilawar, kwandastan bas ne, mutum mai son kwalliya. Ya taɓa cin ado ya jingina da motar wani Bature aka ɗauke shi hoto, ya aika ƙauye. A wani biki a Birmingham, an gama waƙar asali ana ta raha, Bakhtawara ta miƙe ta jefa:

Dilawar ya jingina da mota,
Mai motar na gefe yana duba agogo, zai makara wurin aiki.

Wagma ce ta juya min shi zuwa Turanci, ni na juya zuwa Hausa, gishirin ya zube a hanya. A bakinsu kuwa ya yi daɗi fiye da kima. Kafin wata ya zagayo yara na rera shi a titi, ya koma har ƙauye inda hoton ke rataye a bangon uwar mutumin. Aka daina kiransa da sunansa, sai Mai Jingina. Ya daina zuwa taro, kuma da wannan sunan ya mutu. Tun ranar wannan bikin, Gulsanga ta rantse ba za ta sake amsa wa Bakhtawara ba, kuma babu macen Birmingham da za ta buɗe baki in Gulsanga ta rufe nata. Sama da shekara talatin ke nan ana aurar da 'yan matan Gulmir Khel da kiɗan na'ura.

"Ke ba kin sha jin nasu rabin ba?" na ce. "Ki rera duka biyun mana. Wa zai sani?"

"Ke in kin shiga gida kin yi sallama, ke kike amsa wa kanki?"

"In ba kowa a gidan, ina amsawa."

"To mu gidanmu da mutane. Fushi suke yi."

Na bar zancen a nan. Ita ce ta yi ta juya maganar a ranta. 'Yan matan da aka aurar a baya duk cikin dangi aka aurar da su, ko ba a rera ba kowa ya san su. Wagma kuwa gidan baƙi za ta, masu wani harshe. A ganin Bakhtawara, in ba a kira sunanta a ƙarshen waƙar ba, ta fita daga zuriyar ke nan kamar tunkiyar da ta ɓace daga garke, kuma 'ya'yan da za ta haifa ba su da inda za a ɗora su.

Wata safiya ta kira ni a waya. "Ki shirya, ranar Asabar za mu Birmingham. Ki sa takalmin da za ki iya tsayuwa."

Pashtun suna da wata al'ada da suke kira nanawate. Wanda ya yi babban laifi sai ya ɗauki rago ya je ƙofar wanda ya ɓata wa, ya ƙasƙantar da kansa a gaban jama'a, ya nemi a shigar da shi. Mai gida ba shi da ikon korarsa, ko da jini ne a tsakaninsu. Ana zuwa da dattawan da za su yi shaida. Bakhtawara ta nemi matan Gulmir Khel na Manchester su raka ta, kowacce ta kawo uzuri, wannan ciwon baya, waccan renon jika. Babu wadda ba ta da tabon tappa a jikinta, kuma ina jin wasunsu so suke su ji labarin an bar ta a waje. Ni na rage.

Rigimar rago kuwa a gabana aka yi ta.

"Abai," in ji Sangin, haka suke kiran uwa, "nan Ingila ce. Bari in je wajen mahauci in sa a yanka mai kyau, a gyara, a sa a kwali. Biyu ma in kina so."

"Gawa ce za ta nema min gafara?"

"Ba a yawo da dabba a mota haka kawai. Akwai takardu. 'Yan sanda za su tsayar da mu a hanya."

"Sai ka ce musu ƙaninka ne. Za su yarda, kun yi kama ta goshi."

Daga ƙarshe Sangin ya samo wani Baturen manomi a bayan gari wanda mahauta ke sayen tumaki a wurinsa. Mutumin ya ce shi zai kai ragon da kansa a tirelarsa, da takardunsa, in an gama ya wuce da shi mayanka, don tun da yake bai taɓa jin an kai rago ba da haƙuri ba, yana so ya gani. Bakhtawara ta je gonar da kanta, ta yi ta buɗe bakin raguna tana duba haƙora har ta sami wanda ya yi mata, ta shafa masa lalle a goshi.

Haka muka kama hanya, Sangin na tuƙi, mu biyu a baya, manomi na biye da mu. Tun daga Manchester sau ɗaya ta yi magana, da ta ce wa Sangin yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Gidan Gulsanga a Alum Rock yake, cikin jerin gidajen jan bulo masu manne da juna, layin a cushe da motoci. Babu wurin tsayawa, sai manomi ya tsaya a tsakiyar titi ya sauke ragon. Ana yayyafi. Bakhtawara ta karɓi igiya, ta ja shi zuwa ƙofar, ta ƙwanƙwasa. Labule ya motsa a tagar sama, amma ba a buɗe ba. Motoci suka taru a baya suna ta hon, masu shaguna suka fito, matan layin suka cika tagogi. Ashe labari ya riga mu zuwa, don matan Manchester da suka ƙi rakiya ba su ƙi buga waya ba. Ragon ya sa baki a furannin maƙwabciya, manomi ya ruga yana ba ta haƙuri.

Mun daɗe a tsaye har gwiwata ta fara magana. Na ce, "Ko mu koma mota mu jira?"

"A jikin mota aka fara wannan fitinar," in ji ta. Ta miƙa min igiyar.

Sai ta kama farin mayafinta, ta zare shi daga kanta, ta ninke, ta durƙusa da ƙyar ta shimfiɗa shi a dokin ƙofa. Ban taɓa ganin gashinta ba sai ranar, fari fat, 'yan siraran kitso biyu. Sangin ya juya baya. Dattawan da ke bakin shaguna suka sunkuyar da kai. A wurinsu in tsohuwa ta tsaya a ƙofarka kai a buɗe, kunyar taka ce, ba tata ba.

Ƙofar ta buɗe. Gulsanga doguwa ce siririya, da sandar asibiti a hannu. Ba ta dubi fuskar Bakhtawara ba. Ta sa sandar ta ɗago mayafin, ta kakkaɓe, ta yafa mata a ka, ta faɗi wani abu a harshensu. Sangin ya gaya min abin da ta ce: "Shigo, kafin ki kashe ni da kunya kamar yadda kika kashe shi."

Aka kai mu ɗakin gaba, aka kawo shayi da gurasa, don su ko maƙiyi ne sai sun ciyar da shi kafin a yi magana. Sangin ya zauna kusa da ni yana raɗa min abin da ake cewa.

"Na karɓi ragon," in ji Gulsanga. "Na yafe, tunda al'ada ba ta bar min wata hanya ba. Ki sha shayinki ki koma."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Jikata za ta yi aure."

"Na ji. Allah ya sanya alheri. Al'ada ta ce in yafe, ba ta ce in yi waƙa ba."

"To me kike so? Saniya?"

"Sunansa nake so. Jikokinsa har yau 'yan gidan Mai Jingina ake ce musu, ba su ma san dalili ba. Da layi biyu kika cire masa suna, ki mayar masa da layi biyu. Ki tsaya a gaban mutanen garuruwan nan biyu ki yi masa tappa wadda za ta danne waccan. In ta yi, zan amsa miki. In ba ta yi ba, in ci shinkafata in hau bas."

"Ba na yabo."

"Na sani."

"Kuma ba na ƙarya. Ya jingina da motar."

"Ya jingina. Shi ke nan abin da ya yi a duniya?"

Bakhtawara ta dubi ɗakin, bango da bango, kamar ta san shi, ta shanye shayinta muka tashi. Manomi ya mayar da ragon tirela ya wuce da shi mayanka, aka raba naman a layin bayan kwana biyu, har da mai furanni.

Makonnin da suka biyo baya ba ta da daɗin zama. Ta ce zambo kamar atishawa yake, da kansa yake fitowa, yabo kuwa cire haƙori ne. In na je sai in tarar da ita tana motsa baki tana ƙirga da yatsu, in na tambaya ta ce ba nawa ba ne. Ko Wagma ba ta ji ba. Na ce mata in tappar ba ta yi ba fa? Ta ce sai dangina su koma Zariya su ce 'yar mai kafet suka ɗauko.

An yi bikin a wani zauren taro a Cheetham Hill, maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya, da bangon katako mai naɗewa a tsakani. Zanen kogin ni na bayar. Ƙanwata Habibatu ta taho da shi daga Zariya, rinin gidanmu ne, shuɗi har yana ɗaukar ido. Bakhtawara ta murza shi a yatsa ta ce ashe marina ma suna da amfani.

An ci abinci, an yi hotuna, la'asar ta yi, bas ɗin Birmingham bai iso ba. Matan Manchester suka fara haɗa kai suna raɗa. Bakhtawara na zaune a miƙe kamar an dasa ta, ba ta taɓa farantinta ba. Sai can ga su sun shigo, Gulsanga a gaba da sandarta, mata cike da bas a bayanta, har da wata tsohuwa a keken guragu. Gulsanga ba ta gaisa da kowa ba. Ta je can ƙetaren zanen ta sa aka ba ta kujera, ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan sandar.

Bakhtawara ta sa aka naɗe bangon katakon don maza su ji. Ta taka zuwa bakin zanen ita kaɗai. Muryarta ta tsufa, amma da ta ɗaga sai da kofuna suka amsa.

Kwat ɗaya Dilawar ya mallaka,
Ba namijin Gulmir Khel da bai je neman aiki a cikinsa ba.

 Mu baƙi ba mu san abin da aka ce ba, sai Wagma ta juyo daga kujerar amarya ta faɗa mana. Ashe a zamanin da mazansu ke sauka ƙasar nan da akwatin ƙarfe, ba Turanci ba rigar sanyi, Dilawar ne ke zuwa tashar bas ranar hutunsa yana tsinto su. A ɗakin gaban nan da muka sha shayi suke kwana. Ranar da mutum zai je ƙofar masana'anta neman aiki, sai Dilawar ya cire kwat ɗin nan, wanda ya ɗauki hoton da shi, ya sa masa, ya gyara masa wuya, shi ya zauna a gida.

Wani tsoho a ɓangaren maza ya dafa tebur ya miƙe. Ya ce, "Ni na sa shi." Wani ya miƙe a bayansa ya ce shi ma, hannun ya yi masa tsawo sai da aka naɗe. Wani ya ce shi maɓallin tsakiya ya ƙi shiga, haka ya je yana riƙe da ciki. Aka fara dariya, tsofaffi suna ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya, na Manchester da na Birmingham. Sangin ya miƙe a madadin ubansa.

Gulsanga ta dube su har suka gama tashi. Sannan ta miƙa wa wata sandarta, ta tsaya da ƙafafunta, matan Birmingham suka jeru a bayanta. Na Manchester, masu ciwon baya da masu renon jika, suka ruga suka jeru a bayan Bakhtawara. Aka fara.

Mun haye, ƙafafunmu sun bushe,
Mu muna nan, an haifi namiji, ruwa ya hana mu kawo muku shi.

Ina aka bar kabarin tsoho?
A gindin bishiya, mun ɗora farin dutse don masu zuwa su gane.

Haka aka yi ta tafiya, wannan gefe ya jefa, wancan ya mayar. Ba zan ce ta tafi sumul ba. Matasan matan baki kawai suke motsawa. Wani wurin Gulsanga ta tsaya cak, sai tsohuwar nan ta keke ta ɗauko mata layin. Akwai baitocin da Bakhtawara ta jefa, ta sake jefawa, ba wanda ya amsa, don waɗanda suka san amsar sun mutu cikin shekarun da aka yi ana gaba. A irin wannan wurin sai a ɗan yi shiru a wuce. Da aka iso zuwa Ingila zauren ya ɗauki dariya:

Jirgi ya sauke mu a garin hayaƙi,
Mu ma hayaƙin ne a nan, amma mun gano mai sayar da garin gurasa.

Baitin ƙarshe sabo ne, ba wanda ya taɓa jin sa. Mai jefawa ce ke ƙirƙirar nata layin, mai amsawa ta ƙirƙiri nata nan take, ba shiri. Aka taso da amarya aka tsayar da ita a kan zanen. Bakhtawara ta jefa:

Wagma 'yar Sangin za ta haye wani kogin,

Gulsanga ko numfashi ba ta ja ba.

Ta haye, muna gaɓa, duk ranar da ta kira za mu amsa.

Habibatu ba ta jira fassara ba, ta rangaɗa guɗa, sauran dangina suka ɗauka. Matan Pashtun suka firgita, suka waiwayo, sannan wasu suka gwada yi, abin ya fito kamar kukan zabuwa. Habibatu ta matso kunnena ta ce, "Yaya, ashe 'yar manya muka ɗauko." Na ce na gaya miki.

Yau a Birmingham 'yan gidan Mai Kwat ake ce wa jikokin Dilawar, wasu kuma sun koma kiran sunansa. Bakhtawara ba ta canja hali ba. Mako bai cika ba ta yi wa haƙoran roba na Gulsanga tappa, ta faɗa mata a waya, Gulsanga ta mayar mata da wadda ta fi zafi, a kan hanci.

Bayan biki Wagma ta zo gaishe ta, ita da wasu 'yan matan dangi, ina wurin. Ta fito da waya tana murna.

"Abai, na sa an ɗauka duka. Zan rubuta, both sides, in haɗa wuri ɗaya kowa ya koya. Ba abin da zai sake ɓacewa."

Bakhtawara ta karɓi wayar, ta kalli kanta tana waƙa, ta ce an ɗauko ta ta gefen da ba shi da kyau. Ta mayar mata.

"Ki ajiye ki riƙa kallo, ban hana ba. Amma ga abin da nake roƙo, ke da waɗannan, kuma ku gaya wa na Birmingham. Ku turo min 'yan matan Manchester duk ranar Lahadi, na can su je wa Gulsanga tun tana da numfashi. Kowacce ta koyi rabin gidansu. Kada a koya wa yarinya ɗaya duka biyun, ko da ta yi kuka. Ranar da mace ɗaya ta iya duka, ba wadda za ta sake jan rago zuwa ƙofar wata."